Burauzar da Baba Kafinta Ya Zaɓa

Shekara arba'in Baba Kafinta yana karanta lambobin tef ɗin awo bai taɓa kuskure ba, amma haruffa sun gagare shi. Da ya fara zuwa ɗakin karatu na unguwa kowace Asabar da safe, wajen wata malama mai koya wa manya karatu, ko matarsa bai faɗa wa ba. Cewa yake ya tafi duba katako.

A kusurwar shagonsa, bayan injin yanka, akwai tsohuwar kwamfuta da 'yarsa, ma'aikaciyar jinya, ta ajiye masa don nuna wa masu saye hotunan kujeru. Idan ƙaninsa, wanda suke aiki tare, ya fita cin abincin rana, sai Baba ya hure garin katako daga madannai, ya danna alamar makirufo, ya ce ƙasa-ƙasa, "Koyon karatu."

Wata rana ƙanin ya buɗe kwamfutar zai nuna wa wata mata teburin cin abinci, sai ga tallan littattafan koyon a ba ca da, da hoton agwagwa da giwa, sun cika gefen shafin.

"Yaya, jika ka samu ba mu sani ba?" ya ce yana dariya. "Ko kai ne za ka koma aji ɗaya?"

Baba ya yi dariyar yaƙe, ya ci gaba da gogar ƙafar kujera har ya kusa cinye ta.

Ranar Asabar ya kai ƙara wurin malama. "Na'urar nan tana da tsegumi. Abin da na faɗa mata a asirce ta kwashe ta gaya wa ƙanina."

Malama ta yi masa bayani cewa manhajar da yake shiga intanet da ita, burauza, tana barin masu talla su bi sawunsa daga shafi zuwa shafi. Akwai wasu na kyauta da ke toshe musu hanya.

"To zaɓa mini ɗaya."

"A'a, Baba. Ni ba na zaɓa maka katako." Ta buga masa takarda uku, kowace da bayanin burauza ɗaya cikin manyan haruffa. "Ka je ka karanta."

Kwana biyar ya yi a kansu. Yana ninke su a aljihun riga, ya fito da su idan shago ya yi shiru, ya bi layi da fensirin awo yana motsa leɓe. Kalmar "sirri" ta zo masa da sauƙi. "Bibiya" ta ci masa rabin yini. Burauza ta farko ya ajiye ta gefe, domin sai ka ba ta suna da lambar waya kafin ta yi maka abin kirki. Ta biyu ta cika yabon kanta, shi kuwa ya san mai kaya irin wannan. Ta uku ta ce tana toshe masu bibiya tun daga farko, tana iya share tarihin bincike idan an rufe ta, kuma kowa na iya duba yadda aka ƙera ta.

"Wannan," ya ce wa malama. "Ba ta shafa fenti a ƙarƙashin kujera ba. Mai son duba haɗin ya juya ya duba."

"Ka zaɓa da kyau. Amma ba duk abu take ɓoyewa ba, ka riƙa lura da inda kake rubuta sunanka."

Shi da kansa ya sauke ta ranar Litinin. Sau biyu ya danna inda ba daidai ba, amma bai kira kowa ba.

Ranar Laraba 'yarsa ta biyo ta shagon daga asibiti, da kayan aiki a jikinta. Ta zauna gaban kwamfutar, ta tsaya.

"Baffa, kai ka sa sabuwar burauza?" ta tambayi ƙanin mahaifinta.

"Ni? Ina na san wannan!"

Baba ya ajiye guduma. Zai iya cewa wani mai saye ne ya taimaka, maganar ta wuce. Sai ya ji ba ya so.

"Ni na sa."

"Kai, Baba? Wa ya karanta maka?"

Ya goge hannunsa a wando, ya matso, ya ɗora yatsa a kan allon. A hankali, yana tsayawa tsakanin gaɓoɓi, ya karanta: "An toshe masu bibiya goma sha huɗu a wannan shafi."

Ƙanin ya saki baki, manne na ɗiga daga burushin hannunsa zuwa takalminsa. 'Yar ta rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunta na rawa, ba a san dariya take ko kuka ba.

"Tun yaushe?" ta ce.

"Wata bakwai. Kada ki riga ni faɗa wa uwarki, da bakina za ta ji."

Ta share ido, ta zaro wayarta daga jaka ta miƙa masa. "To sa mini irinta."

Baba ya jawo kujerar da bai gama ba ya zauna, ya riƙe wayar nesa da fuska. "Sai kin yi haƙuri fa," ya ce. "Ni ba na danna abu sai na karanta shi."