Ruwan da Delou Ta Zo Gani

Nafiou direban gida ne a unguwar Al-Murabba ta birnin Riyad, kuma ba abin da ke ci masa rai irin uwarsa Delou ta kira shi maƙaryaci. Laifinsa ɗaya. Ya taɓa kai iyalin kafilinsa, wato maigidan da yake wa aiki, hutu Jizan, can bakin teku, suka shiga wani kwazazzabo inda ruwa ke zubowa daga kan dutse ba dare ba rana, Larabawa na ce masa shallal. Da ya ba ta labari a waya sai ta kwashe da dariya. Matar da ta tsufa tana layin famfo a Damagaram, wa zai ce mata ruwa na zuba a ƙasar rairayi ba mai tara ko bokiti? Hoton ma da ya tura cewa ta yi aikin waya ne.

To, ga Delou ta gama umra ta biyo Riyad, tana ajiye jaka ta ce a kai ta ta gani. Jizan kuwa ba nan kusa ba ce, kafili ya ce mota ba ta zuwa ko'ina. Nafiou ya rasa yadda zai yi, sai ya ɗauke ta ranar Juma'a da la'asar zuwa Wadi Namar, nan gefen gari, inda inji ke tura ruwa sama ya sako shi ta kan duwatsu don masu shan iska. Bai ce nan ne ba, bai kuma ce ba nan ba ne.

Delou ta tsaya, ta kama baki. Kai, har da ƙwalla!

"Ikon Allah! Nafiou, ka yafe mini. Ashe gaskiya ka faɗa."

Daɗi ya kama shi, kunya ma ta kama shi, ya ce ba komai, Inna. Da a nan aka tsaya da shi ke nan. Amma Delou ce fa. Ta zaro gora daga jaka, ta tattare zane, ta gangara bakin ruwan ta cika ta fal. Wai za ta kai wa maƙwabta shaida, kowa ya kurɓa, ita ce ma za ta fara. Ta yi bisimilla ta ɗaga.

Nafiou ya dubi ruwan, kore-kore, wanda inji ya yini yana juyawa. Tsohuwar ga ciwon ciki ba ya mata da sauƙi. Ya riƙe hannunta.

"Inna, kar ki sha. Inji ne ke turo shi. Na gaskiyar yana Jizan, wallahi na gan shi da idona."

Ta janye hannunta. Sannan ta tuntsurar da gorar a hankali, ruwan ya koma inda ya fito.

"Na Jizan ɗin ma ka bar shi kawai," ta ce. "Mu je gida, ƙafata ta gaji."