Farin Leshin Chizitere

Ina kan keken ɗinki na ji bokiti ya faɗi a bakin famfo, sai kuma muryar Femi maƙwabcina: "Maman Ummi! Abeg, ki fito!"

Na fita ba takalmi. Chizitere na zaune cikin ruwan wanki, ta rungume cikinta, numfashinta na fita da ƙyar. Abin da na daɗe ina tsoro ke nan.

Ɗakinsu, ita da Femi, na jikin nawa a gidan hayarmu na Kwamba. Ita Inyamura ce mai sayar da gwanjo, shi Bayerabe, yana gyaran firji a Abuja. Zaman dadiro suke yi, shi ya sa da farko ko gaisuwarta a daƙile nake amsawa. Amma yarinyar akwai shiga rai, har ta zama kamar ƙanwata.

Rigimarsu ɗaya ce, bango ya sha kawo mini ita. Ita aure take so, shi kuma ya ce uwarsa ba za ta yarda ba sai an ga ciki. Likita kuwa ya gargaɗe ta cewa zuciyarta ba za ta iya ɗaukar ciki ba. Femi ya sani sarai, amsarsa dai kullum, "Likita ba Allah ba ne."

Da ta zo neman shawara ban ɓoye mata ba. "Ke, namijin da ya sa ranki a sharaɗi, tattara kayanki ki bar shi."

Ta yi murmushi. "Mama, da wannan zuciyar wa zai kwashe ni?"

Ba a jima ba ta samu ciki, ta kawo mini farin leshi in ɗinka mata rigar aure, wai an sa rana bayan haihuwa, amma tana so ta riƙa gwadawa. Duk zuwan da za ta yi sai na ƙara buɗa ƙugun rigar. Wallahi na tsani rigar nan.

Ranar da ta faɗin, a cikin Keke Napep a hanyar asibiti ta damƙe yatsuna. Hannunta sanyi ƙalau.

"Mama, tsoro nake ji."

"Ki kira Ubangijinki, mun kusa."

"Kin gama rigar?"

"Saura hannu ɗaya."

Kafin la'asar ta cika, ita da abin da ke cikinta.

Da yayanta Somtochi ya iso daga garinsu, a tsakar gida ya tsaya, bai ɗaga murya ba. "Femi, a ƙauyenmu ba a binne mace daga hannun mutumin da bai aure ta ba. Za ka biyo mu da danginka, ka aure ta tukuna."

Femi ya zube ƙasa. "Gawa zan aura?"

"Ita ce dai wadda ta roƙe ka tana raye."

Na shige ɗaki na tura ƙofa. Can sai na ji sallama. Somtochi ne, idanunsa jawur.

"Madam, ta ce min rigarta na wurinki."

Na ce ya dawo da safe. Na zauna na haɗa hannun da ya rage, na goge ta, na rataye a jikin taga. Iska ta shigo ta cika ƙugun da na yi ta buɗawa, rigar ta ɗan motsa, sannan ta tsaya.