Wayoyi Goma Sha Ɗaya a Gwangwanin Biskit

Ni ce ma'aikaciya ta farko a kamfanin Madogara, ko da yake yaran da ke can yanzu ba su san da haka ba. Shekara goma sha biyu ke nan da Abdulhafiz ya kafa teburi a wani shago kusa da layin dogo a Agege, da kwamfuta ɗaya mai zafi kamar dutsen guga. Shi yana da boko, ni ina da sanin mutane. In mai shayi ko ɗan dako ya zo neman rance, ni yake kallo. In na ɗaga gira, a ba mutum kuɗi. In na shiga gyaran ɗankwali, a ba shi haƙuri.

Yanzu kamfani ya koma Ikeja, bene hawa shida, rance kuma ta waya ake karɓa, ba mai duban girar kowa. Ni aka bar ni a tsohon shagon ina taya mutane danne-danne.

Tun farko muna da wata al'ada da 'yan ci-rani. Da damina ta faɗi sukan koma gida noma. Wanda ke da sauran biya sai ya kawo mini wayarsa ya ce, "Mama Mariamu, ga amana, sai kaka." Ƙauyukansu ba wuta ba sabis, barin wayar kuwa alkawari ne cewa zai dawo. In kashe ta in jefa a gwangwanin biskit. Ba wanda ya taɓa saɓa mini. Bana guda goma sha ɗaya ne a ciki, har da ta Sunusi mai kurar ruwa, mutumin da muka fara ba rance a tarihin kamfanin nan.

Ranar Juma'a da hantsi Muhsina, 'yar ƙanwata da ke aiki a Ikeja, ta kira ni murya ƙasa-ƙasa.

"Anti, akwai wahala o. Sabon sistem ɗin nan, duk wayar da ta yi kwana casa'in a kashe, ɗauka yake mai ita ya gudu. Ƙarfe sha biyu zai tura hotonsa ga duk lambobin da ke cikin wayar."

"Wane gudu? Suna gona!"

"Sistem bai san gona ba, Anti. Ki kunna su kawai. In ya gan su a kunne zai fasa."

Kawai, in ji ta. Wayoyin ba ɗigon caji, unguwarmu kwana biyu ba wuta, janaretan maƙwabcina ba mai. Na kira Abdulhafiz sau biyar bai ɗauka ba. Na rungumi gwangwanin na faɗa danfo, motar haya mai zuwa Ikeja. Gosulon motoci ya riƙe mu, direba yana ta musu da kwandasta kan canji, ni ina ta kallon agogo. Da na ga zaman ba zai kai ni ba, na sauka na taka da ƙafa, zufa har cikin takalmi.

Sha ɗaya da rabi na isa. Yarinyar da ke karɓar baƙi ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Mama, oga yana mitin. An ba ki lokaci ne?"

Ni da na saya wa ogan nata ƙosai bashi lokacin da ba shi da na karin kumallo! Na durƙusa na cire filogin fanka, na cire na injin ruwan sanyi. Muhsina ta sauko da caja uku na aro. Muka riƙa jonawa, in ɗaya ta farka mu cire mu sa wata. Bakwai. Tara. Goma.

Ta Sunusi ce ta ƙi. Tsohuwa ce, an ɗaure ta da roba, bakin cajinta ya sake. Na danne wayar cajin da yatsa ina salati, ina roƙonta kamar mai ji.

Sha biyu na cika sai tawa wayar ta yi ƙara a jaka.

Hoton Sunusi ne, wanda ni da kaina na ɗauka a jikin bangon shago, da hularsa ta Salla. A ƙasa an rubuta cewa wannan mutumin ya tsere da kuɗin kamfani, duk wanda ya san inda yake ya faɗa. Na tuna surukinsa da limamin garinsu, duk lambobinsu na cikin wayar. Yau ba sabis, amma ranar kasuwa za su shiga gari, saƙon kuwa yana nan yana jiransu. Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba, don a hannuna ya bar sunansa.

Ƙofar lif ta buɗe. Abdulhafiz ya fito da sauri, waya a hannu, fuskarsa ta canza. Shi ma saƙon ya same shi. Ashe shekara goma sha biyu Sunusi bai goge lambarsa ba.

"Anti Mariamu," ya ce, "wannan ba Sunusinmu ba ne?"

A daidai lokacin wayar ta kawo haske a ƙarƙashin yatsana. Na zare ta daga caji, na miƙe da ƙyar don gwiwoyina sun ƙage, na kama hannunsa na ɗora masa ita.

"Ga amanarsa," na ce. "In ya dawo da kaka, kai za ka miƙa masa."