Haske Daga Gefe

"Ɗaga ta sama kaɗan. Ba haka ba, tsoho, ai ba tocila na ba ka ka nemo ɓera ba. Karkato ta wajen kunnena."

Tela ya ɗaga filashar, kafaɗarsa tana ƙara. Wata doguwar igiyar waya ta taso daga gindin filashar, ta bi ƙasa ta gefen gado, ta haye ƙafar kyamarar da aka girke a tsakiyar ɗaki. Mai Hoto ya danna maɓallin da ke sa kyamara ta jira, ya ja ƙafa ya koma kan kujera, ya gyara wuyan kwat ɗinsa, ya kafe fuska. Kyamara ta yi ta ƙyafta jar wutarta, sannan ta ce ƙyat. Filasha ko gezau.

"Ta ƙi," in ji Tela.

"Ka taka igiyar ne."

"Ni ban taka komai ba. Igiyar ce ta tsufa, kamar mai ita."

Mai Hoto ya fara dariya, tari ya ƙwace ta. Ya dafe cikinsa har abin ya lafa, sannan ya miƙo hannu a ba shi igiyar. Da hannunsa ya haɗa ta, da wayar wani tsohon tarho da ya tsinta a bayan gida, duk jikinta ɗaurin baƙin salatif ne. A da yana da 'yar na'urar da ke tada filasha daga nesa ba tare da igiya ba, amma ta lalace tun shekarar da ya rufe shagonsa, lokacin da kowa ya koma ɗaukar kansa da wayar hannu. Sabuwa kuwa ta fi ƙarfin aljihunsa, bai ma je ya taya ba.

"Wai me zai hana ka ɗora ta a kan kyamarar, kamar yadda kowa ke yi?" Tela ya tambaya. "Ka huta, ni ma hannuna ya huta."

"Kai da ka san dutsen guga ai bai kamata ka yi wannan tambayar ba. Haske in ya doki fuska gaba da gaba, goge ta yake yi, ta koma kamar ta mai laifi a ofishin 'yan sanda. Daga gefe ake so ya zo, a hankali, kamar ta taga."

Shekaru suka yi a gidan hayar nan, bango ɗaya ya raba ɗakunansu, amma in ban da gaisuwa a bakin famfo babu abin da ke haɗa su. Tela matarsa ta rasu, 'ya'yansa maza kowa ya kama gabansa a wani gari, sai saƙon gaisuwa jefi-jefi. Wuni yake a baranda shi da keken ɗinkinsa. Mai Hoto kuwa ba ya fitowa sai da dalili. Yaran layi suna ce masa Baba Kar-ka-motsa, don abin da yake daka wa duk wanda ya tsaya gaban kyamararsa ke nan.

Kwat ɗin nan ce ta haɗa su. Wata safiya ya kawo ta ya ce a rage masa. Tela ya zagaya shi da tef, ya dubi tef ya dubi kwat, ya ga kusan mutum biyu irinsa za su shige ciki. Da ya ɗago kai sai ya ga farin idon mutumin ya koma rawaya. Mai Hoto ya riga shi magana, ya ce, "Hanta ce. Likita ya gama nasa. Ka sa mata ɗan soso a kafaɗa."

Mai Hoto yana da 'ya guda, wadda yake kira Uwata, tana aure a gari mai nisa. Kullum in ta kira ta ce ya kunna bidiyo ta gan shi, ya ce kyamarar wayarsa ta fashe. Da ta gaji sai ta ce to ya turo hoto, ai shi ba a ba shi labarin hoto. Wannan hoton ne suke fama da shi.

"Ka faɗa mata gaskiya mana," Tela ya ce, yana kallon Mai Hoto yana ƙara naɗa wa igiyar salatif. "'Yarka ce."

"Cikinta ya tsufa. Ta sha ɓari, wannan ne kaɗai ya zauna, likita ya ce ko tsakar gida kada ta share. In ta ji, wallahi mota za ta hau a ranar. Na san abata." Ya yar da igiyar. "In rasa jika don a zo a ga ƙashin wuyana? Bari dai ta sauka lafiya."

Igiya dai ba ta tashi ba. Washegari Mai Hoto ya zazzage wata tsohuwar jaka ya fito da wani ɗan abu kamar kan babban yatsa, mai ƙwayar gilashi a gaba. Ya ce wajen masu kayan gwanjo ya saye shi tun da daɗewa, a kuɗin da bai kai na burodi biyu ba.

"Wannan ido ne. A gindin filasha ake maƙala shi. Da ya ga wani haske ya walƙa, shi ma sai ya tada tasa. 'Yar ƙaramar filashar jikin kyamara ta yi ƙyal, wannan ta amsa. Ba igiya, ba rigima."

Ashe da rigima. Tsallaken titi akwai mai walda, kuma idon bai san bambancin filasha da tartsatsin walda ba. Mai Hoto bai kai ga zama ba filasha ta tashi a hannun Tela, ta wanke masa fuska. Tela ya yi salati ya kusa yar da ita. Ta sake cika ta sake tashi. Duk sanda mai walda ya taɓa ƙarfe, sai ɗakin ya yi fari fat.

"Wannan idon naka na munafuki ne," in ji Tela, yana murza nasa idanun. "Kowa ya yi magana sai ya ce haka ne."

Mai Hoto ya leƙa taga ya zazzaga wa mai walda ruwan faɗa, shi kuwa bawan Allah ko ji bai yi ba saboda ƙarar injinsa. Ran nan Tela ya yi dariyar da rabonsa da irinta tun matarsa na da rai.

"Saura dabara ɗaya," Mai Hoto ya ce da ya dawo ya zauna yana haki. "Ita ce ta talaka, ba ta cin ko sisi. Mutum take ci."

Suka rataye bargo a taga, suka toshe ƙasan ƙofa da tsumma, rana tsaka ɗakin ya yi baƙi ƙirin. Tela ya kawo ragowar farin yadi, suka ɗame shi a jikin hangar rataye kaya, aka ce ya tsaya bayansa da filasha don hasken ya tace ya yi laushi. Mai Hoto ya saita kyamara yadda za ta buɗe idonta ta ɗan jima kafin ta rufe.

"Za ka ji ƙyat. Da ka ji, ka danna jan maɓallin nan na baya. A duhu ba ta ganin komai sai abin da ka haska mata."

Tela ya tsaya cikin duhu, babban yatsansa a kan maɓalli. Ba ya ganin komai, sai numfashin maƙwabcinsa yake ji, mai nauyi, da ɗan kuka-kuka a ƙarshensa. Ya tuna dare nawa ya ji wannan numfashin ta bango yana cewa ba ruwansa. Ƙyat. Ya danna. A cikin ƙiftawar nan ya ga mutumin zaune, ƙirji a buɗe, haɓa a ɗage, yana murmushi kamar wanda aka yi wa albishir. Duhu ya dawo, tari ya biyo baya.

Suka maimaita har hannun Tela ya gane lokacin. Da aka yaye bargo Mai Hoto ya zaɓi guda, ya cire masa launi ya mai da shi baƙi da fari. Rawayar ido ta ɓace. Hasken ya cike ramin kumatu, kafaɗa ta tsaya cak. Tela ya dubi hoton, ya dubi wanda ke riƙe da shi, ya kau da kai.

Da yamma ya ji ta bango muryar 'yar tana fita daga waya, tana dariya tana cewa, "Baba, ashe har ƙiba ka yi! Wa ke dafa maka?" Uban yana cewa ai maƙwabcinsa ne ke ɗura masa kamar kazar kiwo.

Daga ranar, in Tela ya dafa abu sai ya miƙa, kwano ya dawo kusan yadda ya tafi. In rana ta yi sanyi Mai Hoto ya fito baranda ya zauna kusa da keke, ba lallai su yi magana ba. Wata rana yana kallon titi ya ce, "Kai ma sai na ɗauke ka. Ka tura wa 'ya'yan nan naka, su tuna suna da uba."

"Su da ko kira ba sa yi?"

"Shi ya sa. Gobe ka zo da sassafe, kafin wancan mai tartsatsin ya buɗe. Da idon zan yi, ba sai an riƙe min ba. Ka sa riga mai kyau, ba wannan mai zare-zaren ba."

Da safe Tela ya fito da rigar da bai sa ba tun bikin babban ɗansa. Duk ta yamutse a ƙasan akwati. Ya tsaya guga, ya sake ɗinke maɓalli guda da ya saki, sai ga wata mata da kayan makarantar ɗanta, wai yanzu-yanzu take so. Kafin ya sallame ta rana ta ɗaga, mai walda ya tada inji.

Yana saka rigar ya ga labulen Mai Hoto ya yi fari, ya koma. Ya yi murmushi, ya kasa kunne don ya ji faɗa. Shiru. Labulen ya sake yin fari.

"Kar-ka-motsa! Ga ni nan, ka yi haƙuri."

Ƙofar a saye take. Ya yi sallama ya tura. An share ɗakin, an gyara gado, an rataya wani shuɗin yadi a bango. Kyamara na kan ƙafarta, filasha na kan wani ɗan tebur kusa da taga, farin yadin na gabanta. A kan kujerar da aka ajiye domin Tela, Mai Hoto ne zaune, da alama ya zauna ne ya gwada inda hasken zai sauka. Kansa ya karkata a kafaɗa, hannu ɗaya a cinya, ɗayan ya sauka.

Tela ya kama hannun. Da sauran ɗumi, amma ba kowa a ciki. Ya yi salati a hankali, ya shafe masa ido. Filasha ta tashi a kansu su biyu. Ya je ya ɗauko ta, ya jujjuya, bai san inda ake kashe ta ba, jan maɓallin kawai aka koya masa. Sai ya rufe ɗan idon da tafin hannunsa, ya zauna bakin gado da ita a cinya, tana 'yar ƙara siririya, sannan ya ajiye ta ya je ya kira mutanen gida.

Tela ya kira mijin 'yar, ba ita ba. Mijin ya zo shi kaɗai aka yi abin da za a yi. Ita ba a faɗa mata ba sai da ta sauka, namiji, lafiya lau.

Sai bayan wasu watanni ta zo kwashe kaya, da jariri a kafaɗa. Doguwa ce, goshin uban sak. Ta durƙusa ta gaida Tela, ya yi mata ta'aziyya ya ba ta makulli. Ta jima a ciki, sannan ta fito baranda ta tsaya gefen keke, ta miƙo masa waya da hoton a kai.

"Baba, ku kuka riƙe masa filashar nan."

"Ni ne."

"Tun ina 'yar ƙarama ni ke riƙe masa a shago. Da na ga hoton na san akwai mutum a ɗakin, har na ji daɗi na ce ashe ba shi kaɗai yake ba." Ta ɗago ta dube shi. "Kun sani ke nan."

"Na sani, 'yata."

Ya jira ta yi faɗa, ya ma fi son ta yi. Ta daɗe tana kallon wayar, jaririn yana cusa hannu a bakinsa.

"Kun ɗaga ta da yawa," ta ce. "Ga inuwa nan ƙarƙashin hanci. Da ni ce, da na sha masifa."

"Ni ma na sha."

Ta yi 'yar dariya, hawaye suka zubo tare. Ta goge da gefen mayafi ta koma ciki.

Ya yi ta jin motsinta ta bango, ana jan akwati, ana ninke takardu, jariri ya yi kuka aka lallashe shi. Can wajen la'asar komai ya yi tsit. Ya tashi ya kai mata ruwa, ya tarar da ƙofa a buɗe. Barci ya kwashe ta a kan gadon uban, ko takalmi ba ta cire ba, jaririn na kwance a ƙirjinta yana tashi yana sauka da numfashinta.

Tela ya ajiye kofin a bakin ƙofa, ya koma baranda. Ya ɗora ƙafa a kan keke, sai kuma ya sauke. Ya zare wandon da ke ƙarƙashin allura, ya juya kujerarsa wajen haske, ya lashi bakin zare, ya ci gaba da kalmasa da hannu.