Daɓen Kicin ɗin Auta

Shekara goma sha tara Mai Tayil yana durƙuso a gidajen mutane yana jera musu tayil, har gwiwoyinsa suka yi kanta. Ranar wata Asabar da hantsi ya naɗe samfurin tayil huɗu a kwali, ya ɗaure a bayan babur, ya nufi gidan ƙanwarsa Auta. Mijinta, wanda kowa ke kira Manaja saboda shi ke kula da wani gidan mai, shi ya buga masa waya. Ya ce a zo a sa tayil a kicin, wai Auta ta zame ta faɗi har sau biyu a wata guda.

Auta ce ta buɗe ƙofa, tana ɗan ɗingishi.

"Yaya, sannu da zuwa. Ashe sai da aiki ake ganinka?"

"Ke da ba ki iya tafiya ba har yanzu? Tun kina rarrafe nake ɗaga ki daga ƙasa."

Ta yi dariya kaɗan, ta ce yara sun tafi gidan kakarsu, Manaja kuma yana wanka.

Kicin ɗin ɗan tsukuku ne: murhun gas a kusurwa, firji kusa da ƙofa, kabad ɗin katako a saman wajen wanke-wanke. Mai Tayil ya tsuguna ya jera kayansa a ƙasa. Akwai fari mai sheƙi kamar madubi, da na tangaran mai zanen ganye, da ruwan ƙasa mai kaushi, sai wani baƙi na dutse, mai nauyin gaske.

"Wannan farin na falo ne," ya ce. "Mai ya ɗiga a kansa, sai dai a tsinto ki a bakin titi. Mai ganyen nan kyau kawai, turmi ya faɗo ya tsage. Baƙin har jikokinki, amma sanyi gare shi. Ni dai ba na zaɓar wa mace da baki. Kawo ruwa."

Ta miƙo kofi. Ya zuzzuba wa kowanne.

"Cire takalmi ki taka, ƙafarki ta gaya miki."

Ta ɗan ɗage zani don kada ya jiƙe. Nan ya ga ƙaurinta. Shati ne baƙi-baƙi a jere, wani sabo, wani ya fara washewa, ɗaya kuma da siffar kan bel sak. Ya kama damtsenta don ta ji daɗin takawa, sai ta saki ƙara ta fizge.

Ya koma ya tsuguna. Ya shafa tsohon daɓen da tafin hannu. Siminti ne mai kaushi kamar harshen kyanwa. Ya juye sauran ruwan a kai, ya ɗora ƙafa ya tura da ƙarfi. Ƙafar ko gezau.

"Auta, a nan kika zame?"

"Eh, Yaya."

"Kalle ni. Ƙasa ce sana'ata. Ko sabulu aka goga wa daɓen nan ba zai kayar da mutum ba."

Ta buɗe baki ke nan Manaja ya shigo, ƙato, yana ƙamshin turare, yana ɗaura agogo.

"A'a, babban yaya! An iso? Kai, wannan farin ya yi. Shi za a sa."

"Santsi gare shi," in ji Mai Tayil, bai ɗago ba. "Ba faɗuwa ake gudu ba?"

"Sai ta koyi kula. Ina kawo baƙi gidan nan."

Auta ta dubi ƙafarta da ke kan tayil mai ruwan ƙasan. Murya can ƙasa ta ce, "Ni mai kaushin nake so. Ni ke tsayuwa a nan."

Manaja ya yi dariya, ya ɗora hannu a ƙeyarta kamar mai wasa. Mai Tayil yana kallon yatsun suna nutsewa a wuyanta.

"Ji ta fa. Mai faɗuwa har ta samu bakin zaɓe."

Ko ganin yayanta ne ya ba ta ƙarfi, ko kuwa ta gaji ne, Auta ta ture hannun.

"Ban taɓa zamewa a kicin ɗin nan ba, kai ma ka sani."

Bayan hannu ya kai mata. Kanta ya bugi gefen kabad, faranti biyu suka zubo suka tarwatse, ta sulale ƙasa jini na bin girarta.

Mai Tayil bai san lokacin da ya miƙe ba. Ya ci kwalar Manaja ya maka shi da firji, har ƙofar ta buɗe kwalabe suka gangaro. Manaja ya fi shi jiki. Ya sa gwiwa ya doke shi a ciki, ya hankaɗa shi kan murhu, sannan ya sunkuya ya ɗauki farin tayil ɗin da hannu biyu ya kawo masa a ka. Mai Tayil ya tare da hannun dama. Tayil ɗin ya fashe, wani ɓari mai kaifi ya tsarge shi daga tsakanin yatsu har wuyan hannu. Bai ji zafi ba, ɗumi kawai ya ji yana bin gwiwar hannunsa.

"A gidana?" Manaja na huci. "A gidana za ka taɓa ni, lebura?"

Ya sake yo kansa, sai ya taka jiƙaƙƙen tangaran ɗin. Ƙafa ta kwashe, ya faɗi da baya, ƙeyarsa ta daki siminti. Mai Tayil ya haye ƙirjinsa ya danne da gwiwoyin nan masu kanta. Da hagu yake dukan, a baki, a hanci, a ido, yana yi yana tambaya.

"Nan ta zame? Nan? Nuna min inda ta zame!"

Haƙori ya faɗo cikin ruwan da ya koma ja. Manaja ya daina zagi, ya daina karewa, sai gurnani. Mai Tayil ya laluba ya jawo baƙin na dutse, ya ɗaga shi sama saitin fuskar.

Auta ta rarrafo kan fasassun faranti ta rungume hannunsa.

"Yaya! Yaya, don Allah! In ka kashe shi, da me zan ji? Da gawa ko da kai a kurkuku? Me zan ce wa Mama?"

Ya daɗe a haka, jininsa na ɗiga a goshin Manaja. Sannan ya saki dutsen gefe. Tayil ɗin ya faɗi dab da kunnen mutumin, daɓen ya dare.

Maƙwabta suka ɓalle ƙofa suka shigo. An ɗinke hannun Mai Tayil a asibiti, daga nan 'yan sanda suka wuce da shi, don Manaja ya ce haka kawai aka far masa a gidansa. Kwana biyu ya yi a tsare. A rana ta uku Auta ta je ofishin da kanta, da filasta a gira, ta ce a ba ta 'yar sanda mace. Suka shiga wani ɗaki ta cire riga ta juya mata baya. Da 'yar sandan ta fito ba ta yi doguwar magana ba, makullin ɗakin da aka tsare shi kawai ta nema.

Auren bai kai ƙarshen wata ba, Auta ta koma gidan Mama da yaranta. Yatsu biyu na Mai Tayil ba su sake lanƙwasuwa ba, dole ya koma koyon riƙe guduma da hagu, yana fasa tayil kamar sabon shiga, abokan aiki na yi masa tsiya.

Wata safiya ya biya gidan Mama kafin ya wuce aiki. Rana ta ɗaga, yara na wasa a tsakar gida, ɗakin Auta a rufe. Ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa, Mama ta riƙe masa riga.

"Kai, ƙyale ta. Tun da ta dawo haka take barci, kamar wadda aka yi wa allura. Zo ka sha shayi."