Injin da Ya Daina Hayaƙi

Motar ta sake shan kwana ba tare da ta fitar da hayaƙi ba. Tsohon bakanike ya harɗe hannuwa a bakin filin. Sauran motocin tseren masu rimot, waɗanda ba su fi takalmi girma ba, sai feshin shuɗin hayaƙi suke yi. Ta autansa kaɗai ke tafiya fes, kuma ita ce a gaba.

Jiya Auta ya kawo ta gareji. Magidanci ne, ma'aikacin ofis, amma bai taɓa yarda uban ya ga wasan nan ba sai yanzu. Da ya tayar da ita hayaƙi ya turnuƙe. Tsoho ya bi hayaƙin da kallo. A sana'arsa inji mai shuɗin hayaƙi mara lafiya ne, kuma ba za a ga ɗansa da irinsa a bainar jama'a ba. Da safe ya je shagon masu sayar da kayan wasan, ya ce a ba shi man mota mafi ƙarfi, mara hayaƙi.

"Baba, wannan sinadarin nitro mai ƙara ƙarfi ya yi masa yawa, man santsin inji da ke cikinsa kuma kaɗan ne," in ji mai shago. "Shi ke rage wa inji zafi, shi ke kawo hayaƙin. Wace irin mota ce?"

"Zuba min. Tun kana goye nake kwance inji."

Ya juye shi a galan ɗin man motar Auta, bai gaya wa kowa ba.

Yanzu kukan motar ya sirance, ya koma kamar na sauro. Kunnen tsoho ya gane kafin kowa. Haka ƙarfe ke kuka idan yana cin ɗan'uwansa a bushe. Ya sauke hannuwansa. Motar ta yi tari, ta ja jiki, ta tsaya a tsakiyar hanya, sauran suka wuce ta.

Auta ya ajiye rimot ya ruga ya ɗauko ta. Ya ɗiga yawu a kan injin, nan take ya ƙafe. Ya gwada juya shi da yatsa, ya ƙi motsi.

"A kawo ƙwai mu soya," in ji wani mai ƙaton tumbi cikin abokan tserensa. Aka yi dariya.

"Tun ɗazu na ga ba hayaƙi," in ji wani. "Ƙaramin inji in ya daina hayaƙi, ƙishi ke cinsa. Kai ɗan bakanike guda, ka kasa saita allurar da ke ba inji mai? A gaban Baba kuma?"

Auta ya yi yaƙe. Ya zo gaban uban yana kallon ƙasa, kamar lokacin da yake kawo sakamakon makaranta mara kyau.

"Ka yi haƙuri, Baba. Wataƙila ni na matse allurar. Na so ka ga ta ci."

Tsoho ya ɗago kai. Ya dubi mai tumbi, ya dubi sauran. Duk suna jiran ya yi wa ɗan faɗa, don an san halinsa.

Auta ya naɗe motar a tsumma ya miƙa masa da hannu biyu.

"Ka buɗe min ita. Kai kaɗai na yarda ka gaya min abin da ya kashe ta."

Zafin ya ratso tsumman har tafin hannunsa. Bai sauya riƙo ba.

"Ba sai an buɗe ba," ya ce. "Ɗauko galan ɗin nan. Ka kira abokanka su matso su ji."