Zakin Ɗan'azumi

Ɗan'azumi manomin shinkafa ne a Gaya, amma tun yana ƙarami in ya samu gawayi ba ya ƙyale bango. A shekarar da Faransawa ke gina gadar Malanbil, wani direba mai suna Siddo ya ga kifin da Ɗan'azumi ya zana a jikin rumbu, ya kawo masa fenti.

"Zaki nake so a bayan kamiyona, babbar motar can. Zan biya ka."

"Biya kuma? Ai wasa nake yi. Ni ban ma taɓa ganin zaki ba."

"Ni ma haka," in ji Siddo.

Kwana uku Ɗan'azumi ya yi yana zane. Abin da ya fito ya fi kama da mage mai gemu, har kunya ta hana shi shiga kasuwa. Sai ga direbobi huɗu a ƙofar gidansa, kowa na son irin dabbar nan sak.

Da damina ta kama, mahaifinsa ya tambaye shi, "To, yanzu kai manomi ne ko me?"

Ɗan'azumi ya sosa ƙeya. "Wallahi, Baba, ban san sunan sana'ar ba. Amma gobe motoci biyu na jirana."